Ritenar Roba Bayan Cire Ƙarfen Haƙora: Ƙarfinta da Rauninta

Daga cikin nau'o'in ritena guda uku da likitocin gyaran haƙora ke amfani da su bayan an cire wa mutum ƙarfen daidaita haƙora, domin su riƙe haƙoran kada su koma inda suke a da, ta roba ɗin nan mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora ita ce ta fi yaɗuwa a yau, kuma ita ce na fi daɗewa ina amfani da ita. Ra'ayina a kanta ba shi da wata kwana-kwana: tana riƙe haƙora fiye da yadda sirantar jikinta za ta sa mutum ya zata, ba ta da wahalar sakawa, amma aba ce mai ƙarewa, kuma duk wanda aka miƙa wa ita ba tare da an gaya masa cewa zai riƙa sauya ta lokaci zuwa lokaci ba, to rabin bayani aka ba shi. Sauran nau'o'in biyu, wato ta Hawley mai faranti da waya, da kuma wayar da ake mannawa a bayan haƙora, zan taɓo su ne gwargwadon yadda za su taimaka a gane matsayinta.

Kafin a auna ingancin kaya, sai an san aikin da aka ɗora masa. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a jikin katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai siraran zarurruka da ke riƙe da shi, akwai kuma wasu a cikin dasashi da suka kewaye wuyansa. Yayin da ƙarfen gyara ke matsa haƙori, ƙashin da ke gabansa yana narkewa a hankali, sabo kuma yana ginuwa a bayansa, su kuma zarurrukan suna miƙewa suna bin sa. A ranar da aka cire ƙarfe wannan aiki bai kammala ba. Zarurrukan da ke kewaye da saiwa suna buƙatar wata uku zuwa huɗu kafin su sake tsaruwa, na cikin dasashi kuwa sun fi taurin kai, domin suna iya kai shekara suna janyo haƙori zuwa inda ya fito. Kaare Reitan na ƙasar Norwe ya nuna hakan a 1959, lokacin da ya juya haƙoran karnuka ya riƙe su a sabon matsayi, ya tarar cewa bayan kwana 232 zarurrukan dasashin suna nan a miƙe ba su saki ba. Wannan ne dalilin da ya sa haƙorin da a da yake a murɗe ya fi kowane saurin komawa gidan jiya, shi da wushiryar da aka rufe.

Da a ce matsalar ta tsaya a shekarar farko, da ritena ta zama abu na ɗan lokaci, kuma haka aka daɗe ana ɗaukar ta. Binciken da Robert Little da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Washinton da ke Amurka shi ne ya sauya wannan tunani. A rahoton da suka fitar a 1981, sun bibiyi mutanen da aka gyara wa haƙora kuma suka daina saka ritena aƙalla shekara goma da suka wuce, suka ga kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai haƙoransu na gaba na ƙasa suka ci gaba da zama a jere yadda ake so. Da suka sake dubawa a 1988, bayan kimanin shekara ashirin, adadin ya sauko zuwa kashi 10. Abin da ya fi ɗaure kai a sakamakon shi ne ba su sami wata alama da za a dogara da ita a ce wane zai koma, wane ba zai koma ba. Ban da haka, haƙoran gaba na ƙasa suna ɗan cunkushewa da tafiyar shekaru ko ga wanda bai taɓa saka ƙarfe ba, kuma laifin da aka saba ɗora wa turamen ƙarshe da ke fitowa bayan balaga bincike bai tabbatar da shi ba, don haka cire su ba ya 'yanta kowa daga ritena. Saboda waɗannan dalilai ne ƙungiyar likitocin gyaran haƙora ta Birtaniya take ba da shawarar a ci gaba da saka ta muddin mutum yana son haƙoransa su zauna a miƙe. Ke nan ana auna ritena ne da ma'aunin abin da za a yi shekara da shekaru tare da shi.

Ita ritenar roba, Robert Ponitz ne ya bayyana ta a 1971, sannan John Sheridan ya yaɗa ta a 1993 da sunan Essix, sunan da mutane da yawa ke kiran duk wata irinta da shi har yau ko da wani kamfani ne ya yi robar. Yadda ake yin ta ba shi da sarƙaƙiya. Ana ɗaukar siffar haƙora, ko dai da ƙullin da ake cusawa a baki ya daskare, ko da ƙaramar na'urar hoto da ake zagayawa da ita a kan haƙora ta tura siffar cikin kwamfuta. Daga nan a fitar da samfurin haƙoran, a ɗumama fallen roba mai kaurin kusan milimita ɗaya, a zuƙe iska har ya lafe a jikin samfurin, a yanke gefe a goge. Saurin wannan aiki yana da muhimmanci, domin haƙora suna iya fara motsi cikin 'yan kwanaki, kuma asibitin da ya san aikinsa yana miƙa ta a ranar da aka cire ƙarfe ko washegari.

Babban ƙarfinta shi ne ta rungumi kowane haƙori ta gaba da baya da sama. Idan aka ɗora ta aka danna da yatsu a kan turame, akan ji ta shige da ɗan ƙara, daga nan ba ta motsi, kuma cire ta yana buƙatar a sa farce a gefen ciki na turmin ƙarshe a ɗaga ɓangare ɗaya, sannan ɗayan. Wannan runguma ce ke hana haƙori murɗewa, abin da waya guda da ta ratsa gaban haƙora ba ta iya yi sosai. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan kusan mutum 400, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa bayan wata shida ritenar roba ta fi ta Hawley riƙe jerin haƙoran gaba, musamman na ƙasa. Sai dai a yi adalci: nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, wanda ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2016, aka kuma sabunta shi a 2023, ya ce hujjar da ake da ita ba ta kai ƙarfin da za a ayyana nau'i ɗaya a matsayin wanda ya fi sauran a kowane hali ba. Fifikon da nake ba ta ya fi dogara ne a kan wani abu daban, wato kasancewarta ritenar da mutum zai yarda ya ci gaba da sakawa. Ba a ganin ta sai an ƙura ido, ba ta rufe ganɗa, kuma ɗan fiton da ke biyo furucin wasu haruffa da yawan yawun da take jawowa suna gushewa cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani amfani da take da shi wanda ba kasafai ake ambata ba, kuma a wurina yana cikin mafi girma: ita ce ma'aunin da ke gaya wa mutum halin da haƙoransa ke ciki. Idan ana saka ta kowane dare, takan shige ba tare da an ji komai ba. Idan aka tsallake dare biyu ko uku, sai a ji ta matse a wuri ɗaya takamaimai, galibi a haƙoran gaba na ƙasa, da safe kuma wannan haƙori ya ɗan yi tsami idan aka ciji abu, kafin rana ta yi ya lafa. Wannan matsi shaida ce cewa haƙorin ya motsa kuma robar ta mayar da shi. Madubi ba ya nuna irin wannan ƙaramin motsi, sai ya taru ya zama babba.

Game da tsawon lokacin sakawa, likitoci sun kasu. Wasu suna cewa a saka ta dare da rana na wasu watanni, a cire ta kawai lokacin cin abinci da goge baki, sannan a koma dare kawai. Wasu kuma tun ranar farko suke cewa dare ya isa, kuma akwai gwaje-gwajen da suka nuna babu wani bambanci mai yawa tsakanin hanyoyin biyu ga yawancin mutane. Wanda ya yi gyaran shi ya san irin tafiyar da haƙoran suka yi, don haka umarninsa ake bi.

Rauninta na farko shi ne robar tana cinyewa. Da yake ta rufe saman haƙora, duk wani cizo a kanta yake sauka, kuma mai gurza haƙora cikin barci zai ga saman turame ya fara dusashewa, daga baya ƙananan ramuka su buɗe daidai kan tsinin fiƙa. Tsagewa kuwa yawanci tana farawa ne daga gefe, a wurin da ake lanƙwasa ta kullum yayin cirewa, ta zama siririn farin layi da ke tafiya a hankali har ya ratsa. Cire ta daga ɓangare ɗaya da fizga yana gaggauta hakan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne saki, domin shi ba a ganin sa: robar tana iya zama lafiya lau a ido amma ta buɗe, har harshe kaɗai ya iya ture ta, kuma ritenar da ta kai wannan matsayi ta daina aiki ko da ana saka ta kullum. Ba a gyara ta, ba a ɗaure ta, sai dai a yi sabuwa. Tsawon rayuwarta ya danganta da irin robar da kuma bakin mai ita, daga watanni ga mai gurza haƙora zuwa 'yan shekaru ga mai lallaɓa ta. A nan ne nake ganin ana yawan gaza wa mutane wajen bayani, domin kuɗin sauya ta wani ɓangare ne na kuɗin gyaran haƙora wanda ya kamata a faɗa tun ranar da ake shawarar saka ƙarfe.

Rauni na biyu shi ne zafi. Da zafi aka siffanta ta, da zafi kuma take rasa siffarta, don haka ruwan zafi, ko barin ta a cikin mota da rana, ko ajiye ta kusa da murhu, ya isa ya karkatar da ita. Ɗan karkacewar da ido ba zai gani ba yana iya sa ta riƙa tura haƙori inda bai kamata ba. Na uku, kuma shi ne wanda ya shafi lafiya kai tsaye, tana hana yawu wanke haƙora yadda ya saba. Duk wani abin sha mai sukari ko mai tsami da aka kurɓa tana baki yana shiga tsakaninta da haƙora ya kwanta na sa'o'i, kuma wannan hanya ce ta ruɓewar haƙori da zaizayewar farin ɓawonsa na waje. Ruwa zalla kawai ake sha da ita, kuma ba a saka ta sai an goge baki. Ita kanta ana wanke ta da ruwan sanyi da buroshi mai laushi da ɗan sabulu marar ƙamshi da zarar an cire ta, tun yawun bai bushe ba. Man goge baki yana karce ta, karcewar kuma ita ce ke sa ta yin hazo ta riƙe wari. Ƙwayoyin da ake narkawa a ruwa don jiƙa ta suna taimakawa idan farin datti ya fara ƙamewa a cikin ramukan turame, amma ba sa maye gurbin buroshi.

Sai kuma ɓata. Kasancewar ba a ganin ta a baki alheri ne, amma haka ba a ganin ta a kan tebur, kuma hanyar da ta fi kowace halaka ta ita ce a naɗe ta cikin takardar goge hannu lokacin cin abinci, wani ya kwashe ya zuba a shara. Karnuka ma suna son taune ta saboda warin yawu. Ƙa'idar da likitoci ke maimaitawa ita ce daidai: ko dai tana baki, ko tana cikin akwatinta.

Ta Hawley, wadda ta samo sunanta daga Charles Hawley da ya bayyana ta a Amurka a 1919, ta fi ta roba a duk inda ake maganar juriya. Farantinta mai tauri yana kwanciya a ganɗa ko a bayan haƙoran ƙasa, wayar ƙarfe kuma ta ratsa gaban haƙora shida na gaba. Tana iya yin shekaru masu yawa, likita yana iya ɗan lanƙwasa wayar ya ƙara mata ƙarfi ko ya mayar da haƙorin da ya ɗan goce, kuma da yake ba ta rufe saman haƙora, tana barin turamen sama da na ƙasa su sauka su haɗu da kyau bayan an cire ƙarfe, abin da ta roba ke jinkirtawa idan ana saka ta dare da rana. Ga wanda aka faɗaɗa wa muƙamuƙin sama, taurin farantin yana da amfani na musamman. Matsalarta ita ce ana ganin wayar, farantin yana cika baki, magana tana sauyawa a farkon lokaci, kuma matashin da ke jin kunyar ta zai bar ta a akwati. Idan da dare kawai za a saka, waɗannan matsaloli suna raguwa ƙwarai, shi ya sa nake ganin mai gurza haƙora da ya gaji da huda roba ya dace ya tattauna batunta da likitansa.

Wayar da ake mannawa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin mafita ta ƙarshe. Siririyar waya ce da ake liƙawa da farin sinadarin cike haƙori a bayan haƙoran gaba, galibi daga fiƙa zuwa fiƙa, wato haƙora shida, kuma Björn Zachrisson na Norwe yana cikin waɗanda suka kafa amfani da ita tun 1977. Ba ta buƙatar tunawa, ba ta ɓata, ba a ganin ta, kuma ga wushiryar da aka rufe ko haƙoran ƙasa da suka yi mummunan cunkoso ba ta da na biyu. Harshe yana damun kansa da ita na kwanaki kaɗan sannan ya manta. Amma tana da nata haraji. Zaren sakace ba ya wucewa daga sama, sai an zura shi ta ƙarƙashin wayar da abin zurawa ko an yi amfani da ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, kuma bayan haƙoran ƙasa shi ne daidai wurin da datti ya fi saurin ƙamewa ya zama dutse, saboda a nan mafitar yawu take. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, dasashinsa zai kumbura ya riƙa jini. Sannan liƙin yana iya ɓallewa daga haƙori ɗaya ba tare da mai shi ya sani ba, sauran biyar suna riƙe, wannan ɗayan yana tafiyarsa. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba amma an tabbatar da ita, inda wayar da ke manne daram take murɗewa a hankali ta karkatar da fiƙa ko ta tura saiwar haƙori waje. Saboda haka waya ma tana buƙatar likita ya riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Kuma haƙora shida kawai take riƙewa, sauran ba ruwanta da su.

Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne haɗa biyun: waya a bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda komawa ta fi yawa, sannan ritenar roba a sama da ƙasa da dare, wadda aka yi ta a kan wayar. Idan liƙin waya ya ɓalle, robar tana riƙe haƙorin kafin a je asibiti, idan kuma robar ta ɓata, wayar tana tsare wurin da ya fi rauni kafin sabuwa ta fito. A sama ba kowa ne waya ke yi wa daidai ba, domin haƙoran ƙasa suna iya cizon ta su karya ta idan cizon mutum mai zurfi ne.

Ingancin ritenar roba ya rataya sosai a kan hidimar da ke tare da ita, kuma a nan asibitoci suka bambanta. Na kirki yana gwada ta a bakin mutum kafin ya tafi, ya duba ko ta rufe turamen ƙarshe, domin turmin da aka bari a waje yana iya ci gaba da fitowa ya ɓata cizo, ya kuma goge duk gefen da ke yankan dasashi ko harshe. Yana ajiye siffar haƙoran a kwamfuta, ko ya ba mutum samfurin ya tafi da shi, ta yadda za a iya yin sabuwa daidai da ranar da aka cire ƙarfe. Wannan batu ba ƙarami ba ne: idan ritena ta ɓata aka yi wata guda kafin a ɗauki sabon awo, sabuwar za ta riƙe haƙoran ne a inda suka goce. Shi ya sa nake ganin mallakar guda biyu tun farko ya fi jiran ranar da ɗaya za ta tsage. Masu yin ta daga nesa, waɗanda ke aiko wa mutum ƙulli ya ɗauki awo da kansa, suna iya fitar da abu mai kyau idan awon ya yi daidai, amma babu mai duba dasashi ko cizo ko liƙin waya, kuma kuskure kaɗan a awo yana komawa matsi a kan haƙori kowane dare.

Wanda ya daɗe bai saka tasa ba ya gwada ta a hankali. Idan ta shige har ƙasa da ɗan matsi, saka ta na tsawon sa'o'i fiye da yadda aka saba na wasu kwanaki yakan mayar da ƙaramin motsi. Idan kuwa ta tsaya a rabi, ko akwai tazara tsakanin bakin haƙori da robar, ko zafin ya wuce na matsi, kada a cije ta da ƙarfi don ta shiga, domin hakan yana fasa robar kuma yana iya cutar da haƙorin. A wannan mataki likita zai zaɓi ɗaya daga cikin uku gwargwadon nisan gocewar: ya yi sabuwar ritena da za ta tsayar da haƙoran a inda suke yanzu, ko ya yi amfani da jerin robobin daidaita haƙora na 'yan watanni, ko ya mayar da ƙarfe a haƙoran gaba kawai na ɗan lokaci, sannan a sake ɗaukar awo a ranar da aka cire shi.